Gyara a Cikin Waya: Yadda Ake Tsara Manhajar da Ke Dawo da Kwastoma

Wanda ya saba cefane a Bakin Dogo ya san wannan. An gama ciniki, an ƙirga kuɗi, mai tumatir ya kama bakin leda zai ɗaure, sai ya dakata ya jefa tumatir biyu da 'yan attaruhu a kai, ya ce, "Ga gyara nan, Hajiya, a gaida gida." Babu takardar da aka rubuta wannan a cikinta, babu wanda ya tilasta masa. Amma saboda shi ne mako mai zuwa Hajiya za ta ratsa tebura goma, kowa na kiranta, ba za ta tsaya ba sai a gabansa.

Manhajar ba wa kwastoma tukuici, wadda manyan kamfanoni ke zuba miliyoyi a kanta, gyaran nan ne aka saka a cikin waya. Na daɗe ban gane haka ba, kuma rashin ganewar ya cinye mini wata huɗu na aiki, ya cinye kuɗin mutumin da ya amince da ni.

Sana'ata rubuta manhaja, a nan Kaduna. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shagon ɗura gas ɗin girki a Tudun Wada. Da shagunan gas suka yawaita a unguwar, ya ga fuskokin da ya saba gani suna raguwa, sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, abin nan da bankunan waya ke yi, mutum ya sayi kati a mayar masa da 'yan canji, ba za ka yi mana irinsa ba?" Na ce zan yi, Kawu. Na tafi na gina abu mai kyan gani: rajista da imel, tara maki, matakin azurfa da na zinariya, har da wani faifai da ake juyawa a ci kyauta. Mutane ƙalilan ne suka sauke ta, su ma yawanci sun goge ta kafin wata ya zagayo. Sai da na rushe komai na koma tushe. Daga baya na yi wa wani abokina mai shagon fura da yogot a Unguwar Rimi tasa, kuma abin da na koya a shagunan nan biyu shi ne zan shimfiɗa maka.

Ka fara da benci da littafi

Kada ka kunna kwamfuta tukuna. Ka nemi benci a shagon, ka zauna mako guda da littafi da biro. Wa ke zuwa? Bayan kwana nawa yake dawowa? Kuɗin na wa ne, kuma wa ya kawo su?

Tambaya ta ƙarshen nan ita ta buɗe mini ido. A shagon Kawu, yawancin masu ɗauko tukunyar gas 'yan aike ne: yaron gida, almajirin unguwa, ko mai Keke Napep da aka ba wa sallahu. Mai gas ɗin, wadda za ta ce a je shagon wane ko a canza, tana gida tana jiran a dawo ta ɗora girki. Manhajata ta farko kuwa an gina ta ne domin wanda ke tsaye a gaban sikeli, wato wanda ba shi da ta cewa.

A wannan makon kuma za ka san tazarar saye. Tukunya mai kilo 6 takan kai gida mai matsakaicin iyali 'yan makonni, fura kuwa akwai mai shan ta kullum bayan la'asar. Tsarin da ya dace da ɗaya ba zai yi wa ɗayan ba.

Daga nan ka zaɓi abu ɗaya tak da kake son mutane su ƙara yi. Kawu yana son duk ranar da gas ya ƙare a tuna da shi kafin a tuna da wani. Mai fura yana son mai zuwa sau biyu a mako ya koma sau uku. Idan ka ce za ka ba da lada a kan saye, da gayyato aboki, da buɗe manhaja kullum, da yin sharhi a Facebook, duk a lokaci guda, kwastoma zai rasa abin da ake so da shi, kai ma za ka rasa wanne ne ya yi aiki.

Sannan ka gwada da kwali. Ka buga ƙananan katuna a wurin masu ɗab'i, ka sayi hatimi, ka raba na wata guda. Abin da kwali ya kasa sa mutane su yi, allo mai launi ba zai sa su ba, kuma asarar kwali ba ta kai a yi kuka ba.

Lissafin gyara

Nan ne aka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe.

Mai tumatir ya san ribar kwandonsa, shi ya sa hannunsa bai taɓa zarce iyaka ba. Manhaja kuwa abin da ka faɗa mata shi za ta yi ta bayarwa, ga kowa, dare da rana, ko shagon na ci gaba ko yana durƙushewa.

Mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa domin sauƙin lissafi. A ce kilo ɗaya na gas ya tsaya wa mai shago naira 1,000, yana samun ribar naira 150 a kai. Ka ce duk wanda ya sayi kilo 30 za a ba shi kilo 1 kyauta. A ido, kilo 1 cikin 30 ba komai ba ne, kimanin kashi 3 cikin 100 na ciniki. To amma ribar kilo 30 ɗin naira 4,500 ce, ka cire 1,000 daga ciki. Sama da kashi 20 cikin 100 na ribar ke nan ya tafi. Kafin mai shago ya mayar da wannan dubu ɗaya, sai kwastoman ya sayi ƙarin kilo 7 wanda da can a wani wuri zai saya. Ka tuna kuma akwai waɗanda ko ba kyauta nan za su zo, su ma za su karɓa. Saboda haka da riba ake auna kyauta, kada ka auna ta da kuɗin da suka shiga aljihun tebur.

A wurin mai fura labarin ya bambanta, domin ribar kofi ɗaya ta fi kauri idan aka kwatanta da kuɗin da aka kashe wajen haɗa shi. Kofi ɗaya kyauta bayan an sayi takwas bai girgiza shi ba.

Kada ka ɗauka ƙananan shaguna ne kawai ke wannan kuskure. A 1992 kamfanin Hoover a Birtaniya ya yi alkawarin tikitin jirgi biyu, har zuwa Amurka, ga duk wanda ya sayi kayansa na fam 100. Kuɗin tikitin ya ninka kuɗin kayan. Kamfanin ya zaci mutane kaɗan ne za su bi sawun alkawarin, sai jama'a suka yi ca a kai, suna sayen injin shara da ba su bukata domin tikitin kawai. Abin ya ci kusan fam miliyan 50, aka sallami manyan shugabanni, aka yi ta shari'a. Ka yi lissafinka a kan cewa kowa zai zo karɓar nasa. Idan a haka lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba, ka rage kyautar tun kafin ka sanar.

Da wane ma'auni za ka ƙirga? Na fara da maki: naira kaza, maki kaza. Wata dattijuwa ta tambayi Kawu, "Alhaji, wai maki 400 ɗin nan me zai saya mini?" Kawu ya juyo ya dube ni, ni ma sai da na ɗauko waya na yi lissafi. Tun ranar na bar maki. Ka ƙirga da abin da mutum ke riƙewa a hannu: kilo, kofi, burodi, wanki. Akwai kuma wani dalili. A watan Disamba na 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ka tara wa naira 500 a Janairu, zuwa ƙarshen shekara zai ga ta zube a hannunsa, kuma kai zai zarga. Rabin kilo kuwa rabin kilo ne ko yaushe. Sai dai ka sani wannan nauyin tashin farashi ya koma wuyan mai shago, ka faɗa masa gaskiya tun farko, ku sa shi cikin lissafi.

Abin da ya fi yi mana amfani a ƙarshe bai ma shafi kilo ba. Ka nemi abin da yake da arha a wurin mai shago amma yake da daraja a wurin mai saye. Mun sa cewa a ɗuri na uku za a canza robar bakin tukunya kyauta, a shafa ruwan sabulu a duba ko tana yoyo, a duba tiyo. Kuɗin robar bai taka kara ya karya ba, amma duk matar da ke girki da gas tana kwana da tsoron yoyo a ranta. A ɗuri na biyar kuma za a kai tukunyar har ƙofar gida.

Kada tafiyar ta yi nisa

"Sayi goma a ba ka ɗaya" yana da daɗin faɗa. Ga mai sayen gas sau ɗaya a wata, wannan jiran wata goma ne, kuma babu mai riƙe alkawarin shago a ransa har tsawon haka. Ka tabbata mutum ya taɓa wani abu da hannunsa a zuwa na biyu, ko na uku idan ya yi nisa, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya taɓa karɓa ya san da gaske ake, gani ya kori ji.

Akwai wani bincike da nake yawan ba abokan aiki labarinsa. Joseph Nunes da Xavier Drèze sun wallafa shi a 2006, a kan wani wurin wankin mota a Amurka. An raba wa kwastomomi katuna iri biyu. Na farko gurbi takwas ne, duk babu komai, ka cika a wanke maka mota kyauta. Na biyu gurbi goma ne, amma an riga an buga hatimi a biyu. Ko ta ina ka duba wanki takwas ne. Amma kashi 34 cikin 100 na masu kati na biyu sun cika nasu, na farko kuwa kashi 19. Mutum ya fi ƙin barin tafiyar da ya riga ya fara a kan wadda bai taka ba. Don haka ranar da aka yi wa kwastoma rajista, kada ya ga sifili. Ka ba shi gurbin farko a matsayin barka da zuwa, kuma ka faɗa masa dalilin, domin kyautar da ba a san dalilinta ba tana sa zargi.

Kullum kuma ka nuna abin da ya rage, a taƙaice: "Saura kofi 2." Wannan ya fi "Kana da 6" jan mutum.

Akwai dabarar jere kwanaki, wadda manhajar koyon harshe ta Duolingo ta yi suna a kanta, inda ake ƙirga maka kwanakin da ka jera ba fashi. A gas ba ta da wurin zama. A fura mun gwada ta da mako: ka zo sau uku a mako, mako huɗu a jere, ka samu babbar robar fura kyauta. Ta yi aiki, amma sai da muka yi mata ƙofa. Mutane na tafiya ƙauye gaisuwar rasuwa, suna kwanciya rashin lafiya, azumi na zuwa ya juya lokacin cin abincin gari gaba ɗaya. Wanda ya jera mako uku, ya je jana'izar baffansa a Zariya, ya dawo ya tarar an mayar da shi farko, ka rasa shi ke nan, kuma da ɓacin rai. Mun ba kowa damar fashin mako ɗaya ba tare da ya rasa komai ba.

Wayar da ke hannun mutane

Ka karɓi wayar kwastoma biyar ka duba, da izininsu. Za ka ga Tecno da Itel da Infinix, ma'ajiyarsu cike da hotunan biki da saƙonnin murya na WhatsApp, data kuma ana kunna ta ne idan da dalili. Wasu ma ƙaramar waya mai tocila ce. Duk manhajar da ake buɗewa sau ɗaya a wata ita ake fara gogewa ranar da waya ta ce ta cika.

Saboda haka a karo na biyu na juya abin. Manhajar tana wayar yaron shago ne kawai. Kwastoma ba ya sauke komai, lambar wayarsa ita ce katinsa. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin naira, mutane sun saba da tiransifa da POS, kuma masu OPay da PalmPay sun san lambar waya na iya zama lambar asusu, don haka babu wanda ya yi mamaki. Ɗan aike ya faɗi lambar uwar gida, ko a karanta ta a jikin ɗan kwalin da muka ɗaura a hannun tukunya, yaron shago ya shigar da kilo, saƙon tes ya tafi. Rajista suna ne da lamba, ba ta wuce daƙiƙa talatin. Mai babbar waya da ke son ganin tarihinsa, akwai ɗan shafi mara nauyi da zai buɗe ta mahaɗin da ke cikin saƙon.

Ga abin da ban taɓa tsammani ba. Saƙon yana cewa an ɗura kilo kaza, an biya naira kaza, saura kaza a kai ga kyauta. Wata rana da yamma ina shagon, sai ga wata Hajiya da kanta, da mayafinta, riƙe da ƙaramar waya, yaro na biye da ita kansa a sunkuye. Ta miƙa wa Kawu wayar ta ce, "Alhaji, duba mini nan. Kuɗin kilo shida na bayar, saƙonku ya ce biyar." Kawu ya buɗe littafi, ya ce, "Hajiya, na biyar aka kawo." Ta juya ta dubi yaron, ba ta ce masa komai ba, ta yi godiya ta tafi. A cikin makon mata uku daga layinsu suka aiko a yi musu rajista, kuma babu wadda ta tambayi kyauta. Rasit ɗin suke so. Idan za ka tsara taka, ka tambayi kanka wane amfani saƙonka zai yi wa mutum a ranar da babu kyauta a ciki, domin irin waɗannan ranaku su ne suka fi yawa.

Abubuwa uku na fasaha da za su ba ka wahala idan ba ka san su ba. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin zai sauya zuwa wanda ke ɗaukar 70 kacal, sai saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗinsa ma haka. Ina son rubutun Hausa da lanƙwasarsa, kuma yana mini ciwo in rubuta "kasa" ina nufin "ƙasa". Abin da na yi shi ne na zauna na zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa, kamar "saura", "kilo", "an biya", "mun gode", na bar cikakken rubutu a shafin intanet. Na biyu, tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba mutane lambar 2442 domin toshe saƙonnin talla, kuma da yawa sun toshe. Ka tambayi kamfanin da ke tura maka saƙo ya ɗora rasit a layin saƙonnin hada-hada, kada kuma ka ci amanar layin ta hanyar cusa talla a ciki. Na uku, manhajar yaron shago ta iya aiki ba intanet, ta ajiye abin da aka shigar ta tura idan sabis ya dawo. Mu da muka ga an rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar nan kusan wata biyu a ƙarshen 2021 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Ka kuma bar wa mutum zaɓin harshe. Kaduna gari ne na kowa, kwastoman Barnawa ko Sabon Tasha zai iya fi son Turanci, kuma idan kana aika barka da Sallah ka tanadi na Kirsimeti.

Game da tunatarwa, kaɗan ta isa. Manhajar ta san cewa gidan wance yakan dawo bayan kwana 25, don haka a kwana na 22 sai ta aika saƙo ɗaya: gas ya kusa ƙarewa, a aiko ko mu zo mu ɗauka. Shi ke nan. Ba ma aikawa lokacin sallah, ba ma aikawa bayan isha'i. Kaduna garin ma'aikata ne, saƙon da ya isa ranar 20 ga wata da wanda ya isa bayan an ga albashi ba ɗaya suke ba.

Inda ake ɓarna

Duk inda aka ajiye kyauta, wani zai nemi hanyar baya. Mafi sauƙi ita ce ta cikin shago: kwastoma ya zo ba shi da rajista, yaron shago ya shigar da lambar ƙaninsa, kilo na taruwa. Mun gano haka ne da muka ga lamba ɗaya ta sayi gas sau shida a yini guda. Ka sa iyaka a kan sau nawa lamba ɗaya za ta iya saye a rana, ka sa kowane yaro ya shiga da lambar sirrinsa, kuma kullum da dare jimillar kilo da ke manhaja ta yi daidai da ta littafi. Ka kuma sa wa yaran nasu kason a fili, wani abu a kan kowane sabon kwastoman da ya dawo karo na biyu. Yaron da ke da rabo a cikin tsari yana kare shi.

Ladan gayyato aboki ma haka. Mutum ɗaya na iya riƙe layi uku. Kada ka biya a kan rajista, ka biya bayan wanda aka gayyato ya yi saye na biyu.

Faifan nan da ake juyawa kuwa, na cire shi kuma ban yi nadama ba. Wani dattijo, makwabcin shagon, ya kalle shi ya ce wa Kawu, "Alhaji, wannan ai ƙanin caca ne." Malamai na da bayani a kan inda kyauta ta tsaya da inda caca ta fara, kuma ya kamata ka tambaye su idan za ka saka wani abu na sa'a. Ni dai abin da na gani ya ishe ni: da zarar kwastoma ya fara shakkar halaccin abu, ka yi asarar abin da ya fi kilo tsada. Idan kana son ba-zata, ka bayar ba tare da an saya da komai ba, kamar ashana ko ɗan sabulun wanke-wanke a jajibirin Sallah.

Bayanan mutane amana ne, kuma yanzu akwai doka a kai, wato dokar kare bayanai ta 2023 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar. Ka nemi izini kafin ka fara aika saƙo, ka ba da hanyar fita mai sauƙi, kada ka karɓi abin da ba ka bukata. Shagon gas ba ruwansa da BVN ko NIN. Lambobin matan aure ne a hannunka, don haka yaron shago ya ga suna da ƙarshen lamba kawai, kada ya ga dukkanta. A saƙon farko muna rubuta cewa ba za mu taɓa kira mu nemi lambar sirri ko ta banki ba, domin 'yan damfara na fakewa da sunan kyauta.

Wata rana kuma dole za ka canza ƙa'ida, farashi zai tilasta maka. A 2016 Starbucks, kamfanin shagunan kofi na Amurka da ke ƙirga makinsa da taurari, ya bar ba da tauraro ɗaya a kowane zuwa, ya koma taurari biyu a kowace dala, kyautar da ake samu da 12 ta koma 125, masu sayen abu mai arha suka yi ta ƙorafi don tafiyarsu ta ƙara nisa. Alkawari kaya ne. Ka sanar da wata guda kafin canji, kuma abin da mutum ya riga ya tara a cika masa a kan tsohuwar ƙa'ida. Idan kyauta na da wa'adi, ka tuna masa kafin ya cika.

Yadda za ka san tana aiki

Yawan masu rajista ba ya nuna komai. Ka ɗauki waɗanda suka fara zuwa a wata ɗaya, a ce Janairu, ka ga nawa suka dawo a Fabrairu, nawa a Maris, nawa a Afrilu. Ka yi haka ga kowane wata, ka jera su. Idan 'yan Mayu sun fi 'yan Janairu dawowa, wani abu na tafiya daidai. Ka kwatanta da tsohon littafin shago na kafin manhaja, kuma idan za ka gwada sabon abu, kamar saƙon tunatarwa, ka aika wa rabi ka bar rabi, domin kada ka ɗauki cinikin Sallah ko na ƙarshen wata a matsayin aikin hannunka.

Shafin da ya fi kowanne daraja a manhajar Kawu shi ne mafi sauƙin ginawa: jerin waɗanda suka wuce lokacin dawowarsu da mako biyu. Ba na barin kwamfuta ta aika musu saƙo. Farkon kowane wata, bayan la'asar, nakan je shagon mu zauna, ina karanto suna, Kawu na kira da wayarsa. Yakan fara da gaisuwa, ya tambayi maigida da yara, sai can ya ce, "Hajiya, kwana biyu ba mu ga tukunyarku ba, lafiya dai ko?" Wata ta ce sun tashi sun koma Rigasa. Wata ta ce gas ya yi tsada sun koma gawayi, Kawu ya ce a kawo ko kilo biyu ne za a ɗura, ba a raina ciniki. Wata kuma ta yi shiru, sannan ta ce yaron shagon ya yi wa ɗanta tsawa a gaban mutane. Kawu ya ba ta haƙuri, ya ajiye waya, ya kira yaron ciki. Ni kuma na buɗe kwamfuta na ƙara gurbi ɗaya a gefen kowane suna, inda za a riƙa rubuta dalilin da mutum ya bayar.